Illo da Mangwaron da Ya Sha Kanwa

Illo taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara a Sukukutane nake da izinin in zage shi ya yi dariya, kuma ban bar izinin nan ya yi tsatsa ba. Ni sunana Habsatu. Aure ne ya kawo ni Dogon Dutsi tun ina da ƙarfina, shi kuwa ya tsaya can ƙauye. Zan ba da labarinsa yadda na gan shi, in wani wuri ya rikice muku kada ku ga laifina, ni ma a rikice na same shi.

Gidanmu gidan noma ne, gero da wake, tun kakanni. Illo kaɗai ya fita daban. In an miƙa masa hauya sai ya jingine ta gindin kalgo ya bi Fulanin da ke sauka bayan gari. An buge shi, an hana shi tuwo, a banza. Daga baya aka gaji aka ƙyale shi. Ya yi wa mutane kiwo shekara da shekaru, wannan ya ba shi maraƙi, wancan ya ba shi karsana, har ya tara garke nasa na kansa. Ya yi aure, matar ba ta daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa, ta bar masa ɗiya ɗaya wadda daga baya aka aurar can wajen Kiyeshe. Bai sake neman aure ba. Mutum ne dogo, siriri, ba ya yi wa mutane magana sai dole, amma in ka laɓe ka ji shi tsakiyar shanunsa sai ka rantse baƙi ya yi. Yana tambayarsu, yana ba kansa amsa, yana yi musu faɗa.

Shekarar da aka ce mun samu mulkin kai, ana ta kiɗa cikin gari, shi yana jan gawar shanu zuwa rami. Ciwon nan da ake kira bushiya ne ya shiga garkensa, bai bar masa ko ɗan maraƙi ba. Bayan kaka sai ga shi ƙofar gidana da sandarsa da bargonsa, ya zauna a zaure kamar wanda ya zo jiran wani. Maigidana mutumin kirki ne, ya ce ya zauna iyakar yadda yake so. Amma na san Illo. Tuwon gidan mijin taubashiya ba ya wuce masa maƙogwaro, yakan ci loma kaɗan ya ture akushi. Ya sha gaya mani cewa in bai samu abin yi ba zai bi fataken shanu kudu, ya yi wa wani kora har ya mutu a hanya. Ni kuwa duk duniya shi ne ya rage mani cikin waɗanda muka tashi tare, ba na son ya tafi.

Ana nan sai saniyar wani dattijo mai suna Mani ta kasa haihuwa, ɗan ya zo a karkace. Mani yana da lambuna a bakin fadama, mutum ne mai faɗa a ji a unguwarmu. Aka kira Illo, ya naɗe hannun riga, ya fitar da ɗan da rai, uwar ma ta tashi. Mani ya ji daɗi ƙwarai, ya ce zai ara masa wani ɗan fili a ƙarshen lambunsa, da rijiyarsa ’yar gajeruwa a ciki.

A nan ƙasarmu, wanda aka ara wa fili yana shuka abin da zai girbe ya tashi, amma ba ya dasa itace. Itace in ya kama, mai shi ya kafu ke nan, ba a iya tashinsa. Mani da bakinsa ya ɗage wa Illo wannan. Lokacin ma’aikatan gona na sabuwar gwamnati suna raba dashen mangwaro cikin gwangwanaye, suna roƙon mutane su karɓa. Mani ya ce, gaban maigidana da wasu dattawa:

“Illo, ka amso ka dasa. In damina mai zuwa ta faɗi ta iske ko guda da rai cikin wurin ga, wurin ya zama naka har jikokinka. In ta iske babu, ɗana shina son wurin, albasa zai sa.”

Magana ta tsaya a haka. Wurin zaman Illo a garin nan ya rataya ga ’yan itatuwan da ko gwiwata ba su kai ba.

Mu dai mangwaro a kasuwa muka san shi, in an kawo daga kudu. Bishiyarsa ba kowa ya taɓa tsayawa kusa da ita ba, balle Illo. To amma ya karɓo su, bakwai ne ko takwas, na manta, ya dasa, ya yi wa kowanne shingen ƙaya. Sai ya raɗa musu sunayen shanunsa da suka mutu. Akwai wata ’yar gajeruwa mai kaurin gindi da ya kira Gudale. Wallahi da na ji yana ce mata, “Gudale, sha mana, mi kike jira,” na yi dariya har na zauna ƙasa. Na ce masa, “Kai bawan Allah, saura ka ɗaura musu igiya ka kai su kiwo.” Bai kula ni ba, ya ci gaba da jan guga. A watannin nan ne na ga ya fara cinye tuwonsa.

Duk lokacin sanyi suna nan kore shar, sai dai ba su ƙara tsawo yadda yake so ba. Shi ya saba da maraƙi, wanda in ka juya baya ka waiwayo ya ƙara. Kullum sai ya auna su da sandarsa ya dawo yana gunaguni. Wata rana ya shigo gida ba bargo a kafaɗarsa, jaki na biye da shi ɗauke da buhunan kanwa. Ya musanya bargon nasa, abu ɗaya mai daraja da ya rage masa, da masu kawo kanwa daga yamma. Ya ce in ara masa turmi.

Na ce, “Mi za ka yi da kanwa, kai da ko akuya ba ka da ita?”

Ya ce, “Ɗiyan nan sun rame. Tun da anka kawo su ba wanda ya ba su ko lasa.”

Duk wanda ya yi kiwo ya san wannan. Dabba in ta daɗe ba ta samu kanwa ba sai gashinta ya tashi, ta ƙi ci, ta dinga lasar ƙasa. A jiƙa mata a komin ban ruwa ta sha, kafin ka ce me ta murmure. Mu ma muna sa ta a kunu mu ba mai jego. To me zai sa abin da ke gyara saniya da mace ya ƙi gyara itace? Ban ga inda maganar ta karkace ba, na ba shi turmin, har da taɓarya mai nauyi.

Ya daka, ya barbaɗa a gindin kowanne, ya bi da ruwa. Bayan ’yan kwanaki ganyen ya fara saukar da kai. Illo ya ce ƙishi ne, dama dabba in ta sha kanwa sai ta nemi ruwa. Ya ƙara ruwa. Ganyen ya ƙara yaushi, bakinsa ya soma ƙonewa kamar an gifta masa wuta. Ya ƙara ruwa har gindinsu ya zama taɓo, ƙafa na nutsewa. Suna tsaye cikin ruwa tsundum, suna bushewa. Sai ya ce ko kanwar ce ba ta isa jikinsu ba, tana tsayawa a sama. Ya ɗauki duk sauran buhunan ya juye cikin rijiyar, don kowane guga ya fito da rabonsa, kamar yadda ake yi wa garke a komi. Wannan bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne.

Da bazara ta shigo suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa da abin da ya ce. Wani ya ce gara ce, aka tona ba a ga gara ba. Wata ta ce baki ne, mutane sun cika yaba su. Wata tsohuwa ’yar bori ta ce doguwar fadamar ce, wato aljanar wurin, ba a gaishe ta ba kafin a dasa, a zuba mata nono a gindin tsamiya. Illo ya zuba, ni na sayo nonon. Ƙasar filin ta yi fari-fari a sama, muka ce ko alamar doguwar ce. Shi kuwa ya koma ture akushi. In ya dawo sai ya zauna ya ce, “Wance ta tahi,” ya kira sunan saniya, sai in rasa ko ta da yake nufi ko ta yanzu. Har ya rage Gudale kaɗai, da ’yan ganyenta da ba su gama ƙonewa ba.

Katangarmu ɗaya da wasu Kiristoci, mutanen kirki, ni da uwar gidan muna aron wuta da tsintsiya. Ɗanta Célestin yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, muna ce masa Mushe kamar yadda yara ke kiran malamansu. Wata Lahadi da suka taso daga coci na tare shi a ƙofa, na ce tun da an ce sun karanta komai, ya zo ya karanta mana wannan. Ya ce shi ba ma’aikacin gona ba ne, amma zai duba. Muka tafi lambun mu uku har da Illo. Ya tsuguna ya taɓa ganyen, ya murza farar ƙasar a yatsa, sannan ya ɗebi ruwan guga ya kai baki. Ya tofar, ya goge harshe da hannun rigarsa ta zuwa coci.

“Baba Illo, mi ke cikin rijiyar ga?”

“Kanwa.”

“Kamar yaya yawanta?”

“Kayan jaki guda. Ban rage komi ba, duk na ba su.”

Mushe ya daɗe yana kallonsa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce mu koma gida zai nuna mana wani abu.

A tsakar gidana ya ce in ba shi ɗanyen dankali da gishiri. Ya raba dankalin biyu, ya ƙwaƙule rami a tsakiyar ɗaya, ya goge shi da ƙyalle har ya bushe, ya cika ramin da busasshen gishiri, ya ajiye a inuwa. Ya ce mu jira. Na ɗauko gyaɗa muna ɓara, Illo ya ƙura wa dankalin ido kamar zai gudu. Can da muka kusa cika ƙwarya, Mushe ya ce mu duba. Ramin ya cika da ruwa har yana neman zuba.

Fuskar Illo ta washe, rabon da in ga haka tun sanyi. Ya ce, “To ka gani, Mushe. Gishiri ya kawo ruwa inda babu ruwa. Ashe daidai na yi.”

Mushe ya dafe kai. Ya ce, “Baba, daga ina ruwan ya hito?”

“Daga gishirin.”

Ni ma na sa baki na ce gishirin ne ya narke, ai kowa ya san gishiri na narkewa. Mushe ya ce in narkewa ne, me ya sa wanda ke cikin ƙoƙona bai narke ba, ga shi a inuwa ɗaya? Ya miƙa wa Illo rabin da ba a sa wa komai ba, ya ce ya matsa. Tauri gam. Ya miƙa masa mai gishirin. Bakin ramin ya yi laushi, yana lanƙwasa kamar tsohuwar fata.

“Ruwan dankalin ne,” in ji Mushe. “Daga jikinshi ya hito.”

Sai ya shiga bayani, yana zane da tsinke a ƙasa. Ya ce dankali, da saiwar itace, da ganye, har jikina da nasa, duk an gina su da wasu ’yan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Kowane ɗaki cike yake da ruwa, kuma kowanne da fatarsa, siririya fiye da ta cikin ƙwai. Ruwa yana ratsa fatar nan, ya shiga, ya fita. Gishiri kuwa ba ya ratsa ta da sauƙi. In gishiri ya fi yawa a gefe ɗaya na fatar, sai ruwa ya dinga tsallakawa zuwa can. A ƙasa mai kyau, cikin saiwa ya fi waje gishiri-gishiri, don haka ruwa ke shiga, itace ya sha. Illo ya mayar da waje ya fi ciki. Ruwan ya juya.

Na ce, “Tsaya, Mushe. Fata ce ko rariya? In fata ce, ai salka ba ta yoyo.”

Ya ce fata ce mai ƙofofi.

“To in da ƙofa, mi ya hana gishirin shiga?”

Ya ce ƙofar ba kowa take bari ba.

Illo ya ce, “Wa ke tsaron ƙofar?”

“Ba kowa, Baba. Haka aka yi ta.”

“To wa ke gaya ma ruwa ga inda gishiri ya fi yawa? Ruwa gangare ya sani, ba ya da hanci.”

Mushe ya ce ba wanda ke gaya masa, yana dai kai da komo ne, sai wanda ya tsallaka can ya fi wanda ya dawo. Na ce to wannan ai sai a ce kasuwa, ba itace ba. Na tambaye shi, in kanwa janye ruwa take yi, me ya sa in na sa ta a wake yake kumbura ya yi laushi? Ya ce wannan daban ne, wake dafaffe fatar ɗakunansa ta mutu. Na ce to busasshen tumatir fa, da nake jiƙawa ya cika? Ya ce wannan kusan irinsa ne, ruwa ya shiga inda abu ya fi kauri. Na ce, “Kai komi in ba daban ba ne, kusan irinsa ne.” Uwarsa da ke leƙe ta kan katanga ta ce in bar mata ɗa ya huta.

Illo bai ji mu ba, yana can wurin shanunsa. Ya ce, “Shekara nawa ina ba su kanwa, ba wadda ta bushe.”

Mushe ya ce saniya tana da ƙafa. In ta sha kanwa takan je ta sha ruwa mai daɗi, abin da ya yi yawa ta fitsarar. Itace yana nan inda aka kafa shi, abin da aka zuba masa shi zai zauna ciki. Sannan ya ƙara da abin da ya ida rikita mu, ya ce ai saiwa ma tana cin wasu gishirai na ƙasa, tana zaɓa ta jawo su ciki da ƙarfinta, in babu su itace ba ya girma.

Illo ya ɗago kai. “To tana ci ke nan.”

“Kaɗan. Kuma ba irin wannan ba.”

“Kaɗan kamar mi? Wane iri?”

Mushe ya ce gaskiya iyakar abin da aka koya masa ke nan, bai san ma’auninsa ba. Kaji na ta tsattsagar ɓawon gyaɗa. Can Illo ya ce a hankali:

“Ke nan ruwan da nike ba su, shi ke shan su.”

Mushe ya ce kusan haka ne. Illo ya ce, “Ban gane ba. Amma na ji.” Na dubi hannuwansa, duk sun tsage da jan igiyar guga, sai tausayi ya kama ni har na rasa zagin da zan yi masa.

Aka dawo kan Gudale. Mushe ya ce ƙasar filin duk ta sha, don Illo ya bi ko’ina da ruwan. Damina ɗaya ko biyu za su iya wanke ta, amma itacen ba zai kai damina ba in yana ciki. Na ce a haƙa rami babba a kawo ƙasa daga tudu a cika. Ya ce wataƙila, amma wurin kwari ne, ruwan ƙasa kusa yake, kanwar na iya biyowa, shi dai ba zai rantse ba. Na ce to a kawo ta gidana ta huta, in hadari ya taso a mayar da ita da sauri Mani ya gan ta a wurin. Ya ce tumɓuka ɗaya ma da ƙyar za ta ɗauka, biyu kashe ta ne. Hanya ta rage biyu. A bar ta a filin ana fata, ko a cire ta ta rayu a wani wuri, filin ya tafi.

Ni na ce a bar ta. Na faɗa da ƙarfi. Na ce itace ne, ba ɗiya ba, in ta kai damina ko da ganye ɗaya ne ya ci fili, daga baya ya dasa wasu ɗari. Illo ya girgiza kai. Ya ce lokacin da bushiya ta shigo yankinsu, Fulani sun ce masa ya kora garkensa arewa tun da wuri, ya tsaya yana cewa bari ya ga gobe, don ba ya son barin rijiyar da ya saba. Ya ce ba zai sake tsayawa kallon gobe da dabba a wurin da ke kashe ta ba. Na ce ba dabba ba ce. Ya ce ya sani.

Na yafa zane na tafi wurin Mani ni kaɗai. Na durƙusa na ce, “Baba Mani, itacen in ya rayu a gidana ai ya rayu. Hannun Illo ne ya raya shi.” Dattijon ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Habsatu, gaban mutane na ce cikin wurin. Ɗana ya ji, kuma ga rijiya an ɓata. In na sauya magana yau, gobe mi zan ce mashi?” Ba zan ce ya yi zalunci ba. Na dai fito ina jin haushin kowa, har da kajin da ke ƙofar gidansa.

Washegari da safe Illo ya tone Gudale. Ya kawo ta a ƙwarya, ya zauna bakin randata yana wanke saiwoyinta da ruwan rijiyar gari, ɗaya-ɗaya, da yatsa. Ya haƙa rami bayan madafata inda rana ba ta cika duka, ya dasa. Daga nan ya koma ya yashe rijiyar Mani shi kaɗai, yana kwashe ruwan yana kai shi nesa, har ya daina ɗaci a baki. Ya ce ba zai mayar wa mutum abu a lalace ba. Gudale kuwa ta zubar da sauran ganyenta, ta tsaya tsinke. In ya kankare ɓawon da farce sai ya ga kore a ciki, ya ce tana nan. Da ruwan farko ya sauka ɗan Mani ya shiga filin. Illo bai je ba, yana tsugune bayan madafa.

Na fara sa rai zai zauna ko ba fili. Na ce in itacen nan ya yi ganye zai riƙe shi, ko don ya ga girmansa, sauran kuma Allah ya kawo. Maigidana ma ya fara yi masa maganar wata gona da za a iya nema baɗi. Illo yakan ce, “Bari mu ga Gudale.”

Ta kuwa yi toho. Wata safiya ya kira ni in zo in gani, muryarsa ba daɗi. Ganye ne sababbi a kan tsinken, amma ba kore ba. Jajaye ne, ja mai duhu kamar hanta, sun yi laɓo-laɓo suna rataye ƙasa, ba ƙarfi ko kaɗan. Ya sa yatsa ya ɗaga ɗaya, ya saki, ya koma ya rataye. Irin yaushin nan ne da muka gani a fadama, har ya fi, don waɗancan sai da suka yi kore kafin su ƙone.

Ya ce, “Ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Kanwar na cikinta.”

Na ce a kira Mushe. Aka ce an yi hutun lakwal, ya tafi Yamai, sai bayan damina. Na kira uwar Mushe, ta duba, ta ce ita ma ba ta sani ba, amma bai yi mata kama da mai lafiya ba. Ni ma abin da idona ya gaya mani ke nan. Na rasa abin da zan riƙe shi da shi. Ranar kasuwa fataken shanu suka biyo za su kudu suna neman mai kora. Ya ɗauki sandarsa. Na ba shi bargon maigidana, na zage shi tun daga zaure har bakin gari, na ce masa bawa mara amfani, wanda ya kashe itace da alheri. Ya yi ’yar dariya, ya ce in tumɓuke tsinken in sa a wuta kada ya tsare mani wuri.

Ban tumɓuke ba, don ko bayan madafar ba na son zagawa. Sai da aka kwana biyu na je ɗebo itacen wuta, na ga jajayen ganyen nan sun miƙe. Sun yi tauri, jan ya koma kore mai haske, wasu sababbin jajaye na fitowa a samansu, su ma a rataye. Na tsaya da itace a hannu ban san ko murna zan yi ba. Da Mushe ya dawo na ja shi wurin. Ya ce ai haka mangwaro ke yi, sabon ganyensa ja yake fitowa, a sake, daga baya ya ƙarfafa. Ya ce alama ce ta cewa saiwar ta kama tana sha. Na ce me ya sa bai faɗa mana ba tun ranar dankali? Ya ce, “Inna, ba ku tambaye ni ba, ni ma ban tuna ba.”

Na aika. Duk bafataken da zai yi kudu sai na tare shi a kasuwa, in ce in ya ga wani dogon mutum mai suna Illo, mai magana da shanu, ya ce masa Gudale ta tashi, ya dawo gida. Wasu suka ce sun ji labarinsa wajen Kamba, wasu suka ce Jega. Wani ya yi mani dariya ya ce saniya ce? Na ce ka dai faɗa masa haka, zai gane. Shekaru suka wuce ina aikawa, itacen ya wuce katanga, ya fara ’ya’ya.

Daga baya wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce tare suka yi kora da Illo shekaru, kuma shi ya yi jinyarsa a wani ƙauye bayan Jega har Allah ya karɓi abinsa. Ya ce bai sha wuya ba sosai. Na kawo masa ruwa, muka yi addu’a. Da ya tashi tafiya na bi shi har zaure, na tambaye shi ko saƙona ya taɓa isa wurin Illo.

Ya ce, “Wane saƙo?”